Wata huɗu ina addu'a ban ga alama ba: in tafi ko in zauna?

Tambaya: Baba, ni malami ne a wata makarantar kuɗi a Kaduna, ina da mata da 'ya'ya uku, albashin kuwa ba ya kai mu ƙarshen wata. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da shagon taki da magungunan gona a Funtuwa. Ya ce in koma in riƙe masa, amma in ba shi amsa kafin damina ta sauka. Wata huɗu ke nan ina addu'a har da azumi, ina roƙon Allah ya nuna mini alama, shiru. A wani kwanan addu'a wani mai annabci ya ce kada in motsa ko nan da can sai na gani a mafarki. Ina tsoron in yi abin da ba nufin Allah ba. Me Littafi Mai Tsarki ya koyar a kan wannan?

Amsa: Ɗana, salamar Ubangiji ta tabbata gare ka da iyalinka. Tsoron da kake ji na saɓa wa Allah abu ne mai kyau, kada ka yar da shi. Amma tunda ka ce mini Baba, bari in faɗa maka gaskiya ba kwana-kwana: wata huɗu ka yi kana jiran abin da Allah bai yi maka alkawarinsa ba, ka bar abin da ya yi alkawari yana zaune. Babu inda aka rubuta cewa duk wanda zai sauya aiki za a nuna masa mafarki. Abin da aka rubuta, a Yakubu 1:5, shi ne wanda ya rasa hikima ya roƙi Allah, mai bayarwa hannu sake ba tare da gori ba. Hikima kuwa kayan aiki ce. Ba a ba mutum fartanya don ya rataye a ɗaki.

Mu fara da wannan kalma ta "nufin Allah", don a nan yawancinmu muke ruɗewa. Mukan ɗauka akwai wata takarda a ɓoye a sama, an rubuta garin da za ka zauna da sana'ar da za ka yi, aikinka shi ne ka yi ta lalube har ka cinka, in ka kuskure kuma shi ke nan ka lalata rayuwarka. Musa ya raba abin gida biyu a Maimaitawar Shari'a 29:29: abubuwan da ke ɓoye na Ubangiji ne, waɗanda aka bayyana su ne namu da na 'ya'yanmu, domin mu aikata. Ka duba wuraren da Sabon Alkawari ya ce "wannan shi ne nufin Allah" ƙarara. A 1 Tasalonikawa 4:3 tsarkakewarku ce, ku guji fasikanci. A 5:18 godiya ce cikin kowane hali. A 1 Bitrus 2:15 aikata nagarta ce. Ko ɗaya bai ambaci sunan gari ba. Har a maganar aure, wadda ta fi sauya aiki nauyi nesa ba kusa ba, Bulus ya ce wa gwauruwa a 1 Korantiyawa 7:39 tana da 'yanci ta auri wanda take so, sharaɗi ɗaya kawai, ya zama cikin Ubangiji. Tun a gonar Aidan haka tsarin yake: itace ɗaya aka hana, sauran duka aka ce wa Adamu ya ci. Allah ya kafa shinge, a cikin shingen kuma ya bar wa ɗansa fili ya yi noma da hankalin da ya ba shi.

Saboda haka tambayar farko ita ce ko shagon nan yana cikin shingen. Wannan kuwa ba da azumi ake gano ta ba, da ƙafa ake ganowa. Ka hau mota ka je Funtuwa ka zauna a shagon kwana biyu ko uku, ranar kasuwa na ciki. Kowa ya san abin da ake yi a wasu shagunan irin wannan: a buɗe buhun taki a rage kwano ɗaya ko biyu a sake ɗinkewa, ko a gauraya shi da abin da ba taki ba, ko maganin ciyawa ya wuce wa'adinsa a kankare kwanan watan a jikin kwalba. Manomi ya sayar da akuyarsa ya saya, ya zuba a masara, bai ga komai ba sai kuka. Ban ce kawunka yana yi ba, Allah ya kiyaye in yi masa ƙazafi. Na ce ka je ka gani. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji, annabi Amos kuma a sura 8 ya tsawata wa 'yan kasuwar da ke rage mudu suna sayar wa talaka har da ƙaiƙayi. In ka tarar cin amanar manomi shi ne ribar shagon, kuma za a so ka ci gaba da hakan, to amsarka ta fito, ko da ka yi mafarki sau bakwai kana tsaye a bakin shagon. In kuwa ciniki ne na gaskiya, sai ka tuna akwai wata aya a ɗaya gefen: 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da mutanen gidansa ba. Neman abin da zai ciyar da 'ya'ya uku ba son duniya ba ne.

Na san wanda zai faɗo maka a rai, domin duk wanda na yi wa wannan magana shi yake kawo mini: Gidiyon da ulunsa. Ka buɗe Littafin Mahukunta sura 6 ka karanta daga farko, kada ka fara daga aya 36. Kafin ya shimfiɗa ulun nan a masussuka, mala'ikan Ubangiji ya riga ya same shi yana sussukar alkama a ɓoye, ya ce masa ya tafi ya ceci Isra'ila daga Madayanawa. Ya riga ya ga wuta ta fito daga dutse ta cinye nama da gurasar da ya kawo. Da ya zo roƙon alama, da bakinsa ya ce, in za ka ceci Isra'ila ta hannuna kamar yadda ka faɗa. Ka ji? Kamar yadda ka faɗa. Ya san abin da aka ce masa sarai. Da safe ya matse ulun, raɓa ta cika kwano, ƙasa kuwa a bushe. Maimakon ya tashi, sai ya ce a juya abin, ƙasa ta jiƙe ulu ya bushe, kuma ya fara da roƙon kada Allah ya yi fushi da shi. Mutumin da ya san yana kan daidai ba ya fara magana da ba da haƙuri. Allah ya yi masa, domin shi mai jinƙai ne ga matsorata, har daga baya ya ce masa in har yanzu yana jin tsoro ya sauka sansanin abokan gaba da baransa Fura ya saurari abin da suke faɗa. Labarin yana nuna mana haƙurin Allah. Ba a rubuta shi don ya zama ƙa'idar yanke shawara ba. Alamar da ya samu kuma ba ta sauƙaƙa masa aikin ba: daga mutum 32,000 aka rage masa runduna zuwa 300.

Ka lura da wani abu a Ayyukan Manzanni. A sura 1, da za a cike gurbin Yahuza, an jefa ƙuri'a ta faɗa kan Matiyas, ko da yake kafin nan sai da suka kafa sharaɗi suka tace mutane har saura biyu. Wannan ita ce ƙuri'a ta ƙarshe a Littafi Mai Tsarki. A sura 2 Ruhu Mai Tsarki ya sauko. Daga nan, da rikicin rabon abinci ga gwauraye ya taso a sura 6, sai aka ce wa jama'a su duba cikinsu su zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima. A sura 15, da aka taru a Urushalima kan maganar kaciyar al'ummai, sai da aka sha muhawara mai yawa, Bitrus ya yi magana, Barnaba da Bulus suka ba da labari, Yakubu ya kawo nassi daga annabawa. Da suka gama suka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki ya ga ya kyautu, su ma haka. Ba wanda ya ji murya daga sama a zauren nan. An yi gardama, an buɗe Littafi, an saurari shaida, suka kuma kira sakamakon aikin Ruhu ba tare da jin kunya ba.

Wurin da na fi so in kai ɗalibaina shi ne sura 16, aya 6 zuwa 10. Bulus da abokan tafiyarsa sun nufi Asiya, Ruhu ya hana. Ba su shimfiɗa tabarma a bakin hanya sun ce sai an yi musu bayani ba. Suka juya suka gwada shiga Bitiniya, nan ma aka hana. Suka gangara Taruwasa a bakin teku, a can ne Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana roƙo a zo a taimake su. Wahayin ya same shi yana kan tafiya, ƙafafunsa da ƙura. Ko bayan wahayin, Luka ya ce sai suka tabbatar a ransu cewa Allah ne ya kira su, wato sun zauna sun auna abin tare. Mai keke ya san wannan: in keke na tsaye, ko ka murɗa kansa hagu ko dama ba inda za ka. Sai yana tafiya juyawa take da amfani.

Akwai alamu biyu da mutanenmu suka fi dogara da su, buɗaɗɗiyar ƙofa da salama a zuciya, kuma dukansu sukan yi ruɗi. Yunusa da ya gudu daga Nineba ya isa Yafa ya tarar da jirgi a shirye zai tafi Tarshish, ga kuɗin jirgi a hannunsa. Ƙofa ta buɗe ke nan. Ya shiga can ƙasan jirgin ya yi barci mai nauyi ana tsakiyar hadiri, ga salama kuma. Amma gudu yake yi. Dawuda a kogon En-gedi, Saul ya shigo shi kaɗai don ya kewaya, mutanen Dawuda suka ce masa ga ranar da Ubangiji ya faɗa maka. Ya ƙi kashe shi, domin abin da ya sani game da shafaffen Ubangiji ya fi damar da ta zo ƙarfi. Ubangijinmu Yesu kuma a Getsamani, yana tsakiyar nufin Uba, ransa yana shan wahala matuƙa, gumi yana zuba. In rashin kwanciyar rai hujja ce ta kuskure, da ba a je Golgota ba. Ayar da ake yawan jawowa, Kolosiyawa 3:15, a kan salamar Almasihu ta yi mulki a zukata, ka karanta ƙarshenta: zancen zaman jiki ɗaya ne a ikkilisiya, haƙuri da juna da yafe wa juna. Ban ce ka yi watsi da abin da zuciyarka ke ji ba. Bulus kansa a 2 Korantiyawa 2:12-13 ya bar ƙofar da Ubangiji ya buɗe masa a Taruwasa don hankalinsa bai kwanta ba da bai sami Titus ba, ba a kuma tsawata masa ba. Sai dai in ranka ya ƙi kwanciya, ka tambaye shi dalili. Wani lokaci lamiri ne ke magana, wani lokaci tsoron baƙon wuri ne kawai ya sa rigar lamiri.

Yanzu ga mai annabcin nan. Ban san shi ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Ban kuma musa cewa Allah yana magana ta mafarki ba: Yusufu mijin Maryamu ta mafarki aka ce masa ya ɗauki matarsa, ta mafarki aka ce ya gudu Masar da yaron. Amma Yusufu bai ɗaure hannunsa ya ce ba zai yi komai ba sai ya yi mafarki. Yana cikin shawarar abin da zai yi ne, a matsayinsa na mutum adali, Allah ya tare shi. Umurnin da aka ba mu a 1 Tasalonikawa 5:20-21 kashi biyu ne: kada a rena annabci, amma a gwada kome a riƙe mai kyau. Ka karanta 1 Sarakuna 13 da daddare in yara sun yi barci. Wani mutumin Allah daga Yahuza ya je Betel, an umurce shi kada ya ci kada ya sha a wurin. Sarki Yerobowam ya gayyace shi, ya ƙi. Sai wani tsohon annabi ya bi shi a kan jaki ya ce, ai ni ma annabi ne kamarka, mala'ika ya ce in komo da kai ka ci abinci. Nassi ya ƙara da 'yan kalmomi: ƙarya yake yi masa. Ya koma ya ci, zaki ya kashe shi a hanya. Wanda sarki bai iya karkatarwa ba, ɗan'uwansa mai wa'azi ya karkatar. Ko annabcin gaskiya ma ba ya ƙwace maka nauyin shawara. Agabas ya ɗaure hannu da ƙafa da ɗamarar Bulus a Kaisariya ya ce haka za a yi wa mai ita a Urushalima. 'Yan'uwa suka yi ta kuka suna roƙon kada ya je. Bulus ya karɓi labarin, ya ƙi shawarar, ya tafi, su kuma suka ce nufin Ubangiji ya tabbata. Mutumin da ya ce maka kada ka motsa sai ka yi mafarki ya ɗora maka dokar da manzanni ba su ɗora wa kowa ba, kuma ba shi zai biya kuɗin hayarka ba.

A wasiƙarka ka ambaci kawu, ka ambaci mai annabci, ban ga inda ka faɗi abin da matarka ta ce ba. Ita za ta bar maƙwabta da zumuntar mata, ita za ta nemi sabuwar makaranta ga yara, ita ta san adadin kwanon masara da ke shiga tukunya a wata. Ka zauna da ita, ba don ka sanar da ita ba, don ka ji. Shawara ɗaukar ɗaki ce, Karin Magana 15:22 ma ta ce shiri yakan rushe in babu shawara. Amma akwai neman shawara na gaskiya, akwai na neman wanda zai sa hannu a kan abin da ka riga ka ƙudura. Rehobowam ya ji dattawa, maganarsu ba ta yi masa daɗi ba, ya koma wurin samarin da suka taso tare, kabila goma suka ɓalle. Mafi ban tausayi su ne mutanen Irmiya 42. Suka zo suka ce ya yi musu addu'a, duk abin da Ubangiji ya ce, mai daɗi ko marar daɗi, za su yi. Bayan kwana goma amsa ta zo: ku zauna a ƙasar. Suka ce ƙarya kake. Ashe tun a ƙarshen sura 41 sun riga sun ɗaure kaya sun sauka kusa da Baitalami a kan hanyar Masar. Ka binciki kanka ko kai ma ka riga ka ɗaure kaya, ko ka riga ka ƙudura ba za ka je ba, kana neman alama ce kawai don in abin ya ɓaci ka ce ai Allah ne ya ce.

Ka nemi dattijo ɗaya ko biyu a ikkilisiyarku waɗanda ba su da riba ko hasara a tafiyarka, in da hali har da wanda ya taɓa kasuwanci. Sannan ka ɗauki biro da takarda. Yesu ya ce a Luka 14:28 wanda zai gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. Albashi kawu zai ba ka ko kaso daga riba? Cinikin taki na damina ne. Daga kaka zuwa bazara, in ban da masu noman rani, me zai shigo? Manoman da ke karɓar kaya bashi sai an girbe, in ba su biya ba, a wuyan wa? Hayar gida nawa, makarantar yara nawa, akwai ikkilisiyar da za ku yi sujada kusa, yaya lafiyar hanya? Waɗannan ba tambayoyin marar bangaskiya ba ne.

Kuma, ɗana, kada kunya ta hana ka neman a rubuta yarjejeniya. Na san al'adarmu, yaro ba ya ce wa kawunsa a sa hannu a takarda. Amma akwai wani a Littafin Farawa da ya tafi aiki wurin kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa kamar naka. Yakubu ne wurin Laban. Shekara ashirin ya yi, aka sauya masa lada sau goma, ƙarshenta a ɓoye ya gudu. Ba na kwatanta kawunka da Laban, amma kuɗi ya raba zumuncin da ya fi naku ƙarfi. Dubi Irmiya sura 32: Allah da kansa ya ce masa ya sayi gonar ɗan'uwansa Hanamel a Anatot. Duk da haka ya auna shekel 17 na azurfa a ma'auni, ya rubuta takarda, ya kira shaidu, ya ba Baruk ya ajiye a tukunyar ƙasa don ta daɗe. Wanda ya ji muryar Allah kai tsaye bai ga takarda a matsayin rashin yarda ba. Ka nemi wani babba a dangi ya zauna tare da ku, a faɗa a gabansa, a rubuta.

Wata huɗun da ka ambata sun tuna mini da Nehemiya. Labarin rushewar garun Urushalima ya same shi a watan Kisle, ya yi kuka da azumi da addu'a, bai yi wa sarki Artashate magana ba sai a watan Nisan. Wata huɗu ke nan, daidai da naka. Bambancin yana ga abin da ya fito da shi. Da sarki ya tambaye shi me yake so, ya yi gajeriyar addu'a a ransa, sai ga amsa a shirye: ga tsawon lokacin da zan yi, a ba ni wasiƙu zuwa ga masu mulkin hayin Kogi, a ba ni wata zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki don katako. Har sunan mai tsaron daji ya sani. Watannin nan yana durƙuso yana kuma lissafi. Da ya isa, ya kwana uku, ya fita da dare ya zagaya garun da idonsa kafin ya ce wa kowa uffan. Da maƙiya suka yi barazana, 4:9 ta ce suka yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. A kwana 52 aka gama garu. Babu mafarki ko ɗaya a littafin gaba ɗaya, amma sau da sau yana cewa hannun Allahnsa mai alheri yana bisansa.

Mutane sukan ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Wannan ba aya ba ce, karin maganarmu ce, kuma in aka kai ta zancen ceto ta ɓata, don ba mu taimaki kanmu aka cece mu ba. Amma akwai ayar da ta yi kusa da ita a Fitowa 14:15. Teku a gaba, karusan Fir'auna a baya, Ubangiji ya ce wa Musa, don me kake yi mini kuka? Faɗa wa Isra'ilawa su yi gaba. Akwai lokacin da ci gaba da addu'a a kan abu ɗaya yakan zama maɓoya. Mai Hadishi 11:4, wanda tsofaffinmu suka sani da Mai-Wa'azi, ya ce mai duban iska ba zai yi shuka ba, mai duban gizagizai ba zai yi girbi ba. Kai da za ka sayar wa manoma taki ya kamata ka fi kowa gane wannan. Ba manomin da ke samun takardar tabbaci cewa ruwa ba zai ɗauke ba bayan shuka. Yakan duba ƙasa ta jiƙu, ya yi addu'a, ya binne irin da zai iya ci. A misalin talanti na Matiyu 25, maigidan bai bar wa bayinsa jerin kasuwancin da za su yi ba. Biyu suka juya kuɗin aka yaba musu. Na ukun ya ce na ji tsoro, ya tona rami. Bai saci ko anini ba, amma shi aka kira mugu, malalaci.

Ni ma na taɓa tona irin wannan rami. Ina sabon fasto aka tura ni wani ƙauye mai nisa, babu asibiti kusa, matata kuma tana da ciki. Na ce wa shugabannina ina neman fuskar Ubangiji tukuna. Mako shida ina nema. Wata rana wani dattijo, manomi ne da ko karatun Hausa da ƙyar yake haɗawa, ya same ni a gindin mangwaro da Littafi a buɗe a cinyata. Ya ce, Fasto, fuskar Ubangiji kake nema ko hanyar mota? Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Da na koma gida na faɗa wa matata ainihin abin da ke damuna, sai ta ce ai sai ta zauna wurin iyayenta har ta haihu, ni in yi gaba. Cikin minti biyar ta warware abin da na yi mako shida ina kai wa sama. Tsorona yana da dalili, amma da na kira shi da sunansa tun farko da ban ɓata lokacin kowa ba.

Za ka ce, to in na tafi abin bai yi kyau ba fa? Yana iya faruwa, ba zan ruɗe ka ba. Bulus ya bi wahayin Makidoniya, a Filibi aka yi masa dūka aka sa ƙafafunsa a turu. A Disambar 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar nan tamu. Cikin 1894 Gowans da Kent suka rasu, daga baya Bingham ya koma gida da ciwo. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mayar da shi. Sai a 1902 aka kafa tashar mishan a Patigi, daga wannan aiki ne kuma ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya auna shawararsu da sakamakon shekarar farko zai ce sun kuskure nufin Allah. Abokan Daniyel uku a gaban tanderu sun ce Allahnsu yana da iko ya cece su, amma ko bai cece su ba, ba za su yi sujada ga gunkin ba. Shi ya sa Yakubu 4:13-15, da yake magana da 'yan kasuwa masu cewa za mu je gari kaza mu shekara mu ci riba, bai hana su shiri ko tafiya ba. Ya ce su ce in Ubangiji ya yarda. In ka yi shawara da gaskiya, ka je, shago bai karɓe ka ba, ka dawo ka nemi aji ka ci gaba da koyarwa, ba ka fita daga hannun Allah ba. Haka kuma in ka auna ka ga zama ya fi, ka zauna da zuciya ɗaya, ka daina waiwayen Funtuwa duk ranar da albashi ya makara.

Abu ɗaya ya rage, kuma a nan ne masu bi da yawa suke zubar da shaidarsu. Akwai yara a ajinka da iyayensu suka biya kuɗin zango, akwai mai makaranta da kuka yi alkawari da shi. Zabura 15:4 ta yaba wa wanda ke cika alkawarinsa ko da zai cutu. Kada ka ɓace ranar Litinin a aiko a tarar ka kwashe kaya. In ka yanke tafiya, ka ba kawu amsa yanzu kamar yadda ya nema, amma ka roƙe shi ya sa wani ya riƙe shagon har ka kai yaran ƙarshen zango, ko aƙalla ka ba makarantar wa'adin da kuka yi yarjejeniya a kai. Yadda ya karɓi wannan roƙo ma zai nuna maka irin maigidan da za ka yi aiki a ƙarƙashinsa.

Ka sa rana, kada ta wuce mako uku daga yau. Makon farko ka je Funtuwa, na biyu ka zauna da matarka da dattawan, na uku ku durƙusa tare ku miƙa wa Ubangiji abin da kuka ga ya fi, ku roƙe shi in akwai abin da ba ku gani ba ya tare ku kamar yadda ya tare Bulus a bakin Bitiniya. Washegari ka kira kawu. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran.